Ginin Makaranta da Kuɗin Ilmi: Me Ya Kamata A Fara Yi?

Kowace shekara, sa'ad da Gwamna ya kai kasafin kuɗin jiha gaban majalisa, jama'a su kan kasa kunne su ji abin da aka ware wa ilmi. Bayan 'yan watanni sai a ga an tara mutane a wani gari, an kafa rumfuna, an yanka zare, an buɗe sababbin ɗakunan karatu masu fenti da rufin kwano. Kowa ya yi murna, don ba uban da zai so ɗansa ya yi karatu a kango. Amma in aka koma garin nan bayan shekara uku, sau da yawa sai a tarar ɗakunan na nan, karatun ne babu. Wani wuri malami ɗaya ke tsare da aji uku, wani wuri yara na zaune a ƙasa ba littafi, wani wuri kuma iskar farkon damina ta yaye kwanon, ba wanda ya mayar.

An shirya wannan darasi ne domin iyayen yara, da malamai, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kansiloli, da 'yan kwamitin kula da makaranta. Nufinsa shi ne mai karatu ya fahimci yadda a ke kashe kuɗin makarantun gwamnati, ya san abin da ya faru a ƙasarmu a da, sa'an nan ya iya auna wa kansa abin da makarantar garinsu ta fi bukata. Kuɗin nan na jama'a ne, kuma kullum ba su kai yawan bukata ba, saboda haka tilas a san abin da za a sa gaba da abin da zai jira.

KUƊI IRI BIYU

Da farko sai mu san cewa kuɗin da a ke kashewa a kan makaranta iri biyu ne. Akwai kuɗin manyan ayyuka, watau waɗanda a ke kashewa sau ɗaya: sayen fili, da gina ɗakuna, da haƙa rijiya, da kewaye makaranta da katanga. Akwai kuma kuɗin yau da kullum, watau waɗanda ba su ƙarewa muddin makarantar na buɗe: albashin malamai, da littattafai, da alli, da gyaran benci da ƙofa da taga, da kuɗin zirga-zirgar masu duba makarantu.

Misalin wannan kamar mutum ne ya sayi doki. Ranar saye ya biya kuɗi masu yawa, mutane suka taru suna yi masa barka. To, amma daga ranar nan dokin yana bukatar harawa da dawa da kanwa kowace rana, yana bukatar ɗan kiwo, yana bukatar magani in ya yi ciwo. Wanda ya kashe duk abin da ya mallaka wajen sayen doki da sirdi mai ado, bai rage na harawa ba, kafin shekara ta zagayo zai ga dokinsa ya rame, ba ya hawuwa. Haka ɗakin karatu ya ke. Duk ɗakin da aka gina ya ɗora wa baitulmali nauyin albashin malami guda, da kayan aikin yara talatin da wani abu, kowace shekara har illa ma sha Allahu.

Abin da ke sa a kan manta da wannan ba boyayye ba ne. Gini ana ganinsa daga bakin hanya, ana ɗaukar hotonsa, ana manna masa allo mai sunan wanda ya buɗe shi. Albashin da aka biya kan kari, da malamin da aka horar, da yaron da ya iya karatu, ba a tara musu jama'a. Har wa yau kuma a wajen gini ne a ke ba da kwangila, inda kuwa akwai kwangila akwai masu neman ta.

ABIN DA MAGABATA SUKA FARA DA SHI

Ƙasar Hausa ta san karatu tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Makarantar allo ba ta da wani gini na musamman. Zaure ne, ko gindin bishiya, ko rumfar zana a ƙofar gidan malam. Amma ba a taɓa jin makarantar allo wadda ba ta da malami ba, don malamin shi ne makarantar, in ya tashi ta tashi.

Da aka zo kafa makarantar boko ta gwamnati a Arewa, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fara aikinsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Ɗakunan na ƙasa ne, kuma cikin ajin da ya fara buɗewa har da na malamai, waɗanda za su koma garuruwansu su koyar. Gidan da ya zauna a Kano yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi.

Bayan wannan sai Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. An kafa ta ne musamman don horar da malamai. Gininta ma na ƙasa ne, irin wanda maginan garin suka saba yi. Daga cikin ɗakunan nan na tubali da azara aka sami Abubakar Tafawa Balewa, da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam, dukansu kuwa sun yi aikin koyarwa kafin su shiga wani aiki. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce yau a ke kira Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na Katsina shi ma yanzu gidan tarihi ne.

Ba wanda zai ce tsarin Turawan nan ba shi da aibu. Babban aibunsa shi ne ƙanƙanta. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, galibin waɗanda aka ɗauka 'ya'yan sarakuna ne da na malamai, 'yan mata kuwa kusan babu, shi ya sa Arewa ta sami mulkin kai tana bayan Kudu nesa wajen yawan masu ilmin zamani. Amma akwai abu ɗaya da za mu koya daga gare shi, shi ne an sa malami gaba, gini ya biyo baya.

DARUSSAN 1955, DA 1957, DA 1976

A zamanin da Nijeriya ta ke jihohi uku, Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta soma ba da ilmin firamare kyauta a watan Janairu na 1955. Ministan Ilminta, S. O. Awokoya, ya gabatar da shirin tun 1952, aka yi wajen shekara uku ana horar da malamai ana gina ɗakuna. Duk da haka yaran da suka zo sun fi waɗanda aka zata. Yawan 'yan firamare ya tashi daga wajen 457,000 a 1954 zuwa wajen 811,000 a 1955. Shirin ya ci kaso mai tsoka na kuɗin jihar kowace shekara, amma ya ɗore.

Jihar Gabas ta bi sahu a 1957 ba tare da ta yi dogon shiri irin wannan ba. Shekara ɗaya tak aka yi, kuɗi suka gaza, a 1958 aka mai da biyan kuɗin makaranta a wasu azuzuwa. Yara da yawa suka koma gida.

Babban darasi kuwa shi ne na 1976. A 1974, lokacin da kuɗin man fetur suka yawaita, Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar cewa za a ba kowane yaro a Nijeriya ilmin firamare kyauta. Aka soma shirin, wanda aka fi sani da UPE, a watan Satumba na 1976 a zamanin Janar Olusegun Obasanjo. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun zo. Cikin shekara biyar yawan 'yan firamare ya ninka, daga wajen miliyan 6 zuwa sama da miliyan 12.

An gina dubban ɗakuna cikin gaggawa, kuma ƙauyuka da yawa na Arewa a lokacin ne suka fara ganin makaranta, wannan kuwa alheri ne da ba za a manta ba. Amma ana iya gama ɗaki cikin wata uku, malami kuwa sai an shekara ana horar da shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka ga ba malamai, sai aka shiga horo na gaggawa, aka ɗauki mutane da yawa waɗanda su kansu ba su ƙoshi da karatun ba. A shekarar nan ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta taimaka wajen ƙara wa irin waɗannan ilmi suna bakin aiki.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai nauyin kuɗin yau da kullum ya bayyana. Aka riƙa yin watanni ba a biya malamai ba, yajin aiki ya yawaita, littattafai suka ƙare, ɗakunan da 'yan kwangila suka yi da gaggawa suka soma tsagewa, ba kuɗin gyara. Iyaye masu hali suka janye 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, talakawa kuwa da yawa suka yanke ƙauna daga makarantar gwamnati. Har yau ba a gama warkar da wannan rauni ba.

YADDA A KE RABA KUƊIN YANZU

A ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, watau UBE, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce ilmin shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Ta kuma ce Gwamnatin Tarayya ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na babban asusunta ba domin taimakon jihohi. Hukumar UBEC ke riƙe da kuɗin a Abuja, kowace jiha kuma tana da tata hukumar, wadda a ke kira SUBEB.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu uku game da wannan asusu. Na fari, bisa tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin, watau kashi 50 cikin 100, na gine-gine ne da kayan ɗaki. Kashi 15 ne na littattafai da kayan koyarwa, kashi 10 na ƙara horar da malamai. Na biyu, jiha ba ta samun kuɗin ginin nan sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. Saboda wasu jihohi ba su ajiyewa, an sha yin shekaru biliyoyin naira na zaune a Abuja ba a karɓa ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Na uku, albashin malaman firamare ba ya cikin wannan asusu, daga kason ƙananan hukumomi a ke cire shi.

Ma'anar wannan ita ce, hannun da ke gina ɗaki dabam, aljihun da ke biyan malami dabam. Ana iya samun kuɗin gina ɗakuna shida a wani gari, alhali ƙaramar hukumar garin ta yi shekaru ba ta ɗauki sabon malami ba, tsofaffi kuwa suna ta yin ritaya. In ba a zauna an haɗa lissafin biyu wuri ɗaya ba, sai ɗakuna su yi ta ƙaruwa malamai suna raguwa.

ABU BIYU DA SUKA FARU A ZAMANINMU

A watan Afrilu na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato. Ita ce ta fari cikin makarantu 157 da aka ba da labarin an gina a jihohi dabam dabam, domin a haɗa karatun Alƙur'ani da na boko. Nufin mai kyau ne, gine-ginen kuma an kashe musu kuɗi. Gwamnatin Tarayya ta gina ta miƙa wa jihohi, amma ba a tsai da magana sosai ba a kan wanda zai ci da yaran, da wanda zai biya malaman, da matsayin alarammomin da yaran ke hannunsu. Cikin 'yan shekaru masu ɗauko labarai suka riƙa tarar da da yawa daga cikinsu a kulle, ko an mai da su wani abu dabam, ko ciyawa ta rufe su. Almajiran kuwa suna nan kan titi.

Abu na biyu ya faru a Jihar Kaduna a 2017. Gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su sami maki 75 cikin 100 da aka ƙayyade ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi jarrabawar, aka yi ta gardama har da yajin aiki. Ba mu kawo wannan don mu yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin lura shi ne, ko ta wace fuska aka duba, malamin da ya shekara goma yana aiki ba a taɓa kai shi kwas ba, ba mai duba aikinsa, albashinsa kuma ba ya zuwa kan kari, ba za a yi mamaki ba in aikinsa ya yi rauni. Sabon fenti a bango ba ya gyara wannan.

INDA GINI YA ZAMA WAJIBI

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa gini ba shi da amfani. Akwai wurare huɗu inda gini ne ya kamata ya zo gaba.

Na fari, inda babu makaranta ko kaɗan. Yaro ɗan shekara shida ba zai iya tafiyar awa guda da ƙafa kowace safiya ba, iyaye kuma ba su yarda 'ya mace ta bi daji ita kaɗai. Ƙasar Indonesiya ta yi amfani da kuɗin manta ta gina makarantun firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978, ta fi kai su inda yara ba su zuwa makaranta, ta kuma ɗauki malamai tare da ginin. Binciken da Esther Duflo ta yi daga baya ya nuna yaran waɗannan wurare sun ƙara daɗewa a makaranta, kuma da suka girma abin da su ke samu ya ƙaru. Ƙaramar makaranta kusa da gida ta fi wa ɗan ƙauye amfani bisa katafariyar makaranta a hedkwatar ƙaramar hukuma.

Na biyu, inda ginin ya zama haɗari. A watan Yuli na 2024 benen wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Bangon da ya tsage, da rufin da ke lilo, da ginin da aka ƙwange wa siminti da rodi, ba a jinkirta maganarsu ko na kwana ɗaya.

Na uku, ruwa da makewayi. Makarantar da ba ta da rijiya ko famfo, yara su kan tafi gida shan ruwa a lokacin tara, da yawa ba su komowa. Makarantar da ba ta da makewayi na mata dabam, 'yan mata in sun fara girma su kan daina zuwa. Waɗannan ba su da tsada kamar ɗakin karatu, amma a kan manta da su don ba a yi musu bikin buɗewa.

Na huɗu, tsaro. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Kuriga a 2024, ba a iya gaya wa iyaye cewa katanga da ƙofa da mai gadi ƙawa ne. Ko da ya ke katanga kaɗai ba ta hana 'yan bindiga, makarantar da ba ta da ita iyaye ba su natsuwa da ita.

MU YI LISSAFI

Ga misali, ba na wani gari takamaimai ba, domin a gwada lissafi. A ce makarantar garinku tana da yara 420. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce a firamare malami ɗaya ga yara 35. In aka raba 420 gida 35, za a sami 12. Ke nan makarantar na bukatar malamai 12 da ɗakuna 12.

To, a ce abin da ke akwai shi ne malamai 5 da ɗakuna 8, cikin ɗakunan kuma 3 iska ta yaye rufinsu. Ke nan ɗakuna 5 a ke amfani da su, kowanne da yara 84. Sai aka zo aka ce za a gina muku sababbin ɗakuna 4. In an gama, kuna da ɗakuna 9 masu rufi, amma malamai har yanzu 5 ne. Ɗakuna 4 za su zauna a rufe, ko kuwa a zuba yara ciki ba mai koya musu, su yi ta surutu har a tashi. Yawan yaran da ke gaban kowane malami bai ragu da ko ɗaya ba.

Yanzu a ce an bi wata hanya. Aka mai da rufin ɗakuna 3 ɗin nan, wanda kuɗinsa bai kai na sabon gini ba tun da harsashi da bango na nan, aka kawo malamai 3. Sai ya zama ɗakuna 8, malamai 8, kowane aji yara 52 ko 53. Ba a kai ga 35 ba tukuna, amma an rage cunkoso ƙwarai, kuma abin da ya ragu na kuɗin zai isa a yi benci a sayi littattafai. Shekara mai zuwa sai a nemi ƙarin malamai da ɗakuna tare, ɗaki ɗaya malami ɗaya.

Kowane ɗan kwamiti zai iya yin wannan lissafi a makarantar garinsu da fensir da takarda. Ya ƙirga yara, ya ƙirga malaman da ke zuwa aiki da gaske, ba waɗanda ke cikin takarda kawai ba, ya ƙirga ɗakuna masu rufi. Wanda ya fi ƙaranci cikin ukun nan, shi ne inda ciwon ya ke.

JERIN ABIN DA YA KAMATA A BI

Daga abin da ya gabata za mu iya jera bukatu kamar haka, sai fa inda haɗari ko rashin makaranta ya tilasta a sake jerin.

1. Malami wanda ya san abin da zai koyar, yana zuwa aiki, ana biyansa kan kari, ana duba aikinsa. A ƙauyuka masu nisa wannan ya haɗa da ɗakin kwanan malami, don rashin masauki na cikin abin da ke sa malamai gudun ƙauye.

2. Littafi a hannun kowane yaro, musamman na koyon karatu cikin harshen da ya ke ji a gida, da allo mai kyau, da alli.

3. Gyaran abin da ke akwai. Kwano ɗaya da ya ɗaga, in an buga masa ƙusa a bazara, an tsare rufin duka. In an bar shi, damina ɗaya ta isa ta ruɓar da katako ta jiƙa bango. Magabata da ke zaune cikin ginin ƙasa sun san wannan, shi ya sa kowace shekara su kan yi yaɓe su share indararo kafin ruwa ya sauka.

4. Ruwan sha, da makewayi na maza da na mata, da abin zama.

5. Sababbin ɗakuna, gwargwadon malaman da za a samu. A yi su da ƙarfi, da tagogi masu shigar da iska da haske, da silin mai tare zafin kwano, a dasa itatuwa kewaye. Ɗakuna shida masu sauƙi sun fi biyu masu ado.

AIKIN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ce ke da alhakin biyan malamai da yin manyan gine-gine, amma mutanen gari ne ke ganin makarantar kowace rana. In aka kawo aikin gini, hakkin kwamitin makaranta ne ya nemi sanin ɗakuna nawa aka ba da, da ranar da za a gama, ya sa wani magini ko birkila na garin ya riƙa leƙawa tun daga haƙan harsashi. Tun ran gini ran zane, in an shafe bango da filasta ba mai sanin abin da ke ciki. Wanda ya ga ana zamba ya kai magana ga shugaban makaranta da dagaci, daga nan ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a rubuce.

In kuwa ɗan majalisa ko wani mai hali ya zo ya ce zai yi wa garin gini, a gode masa, sa'an nan a nuna masa lissafin nan. Wataƙila abin da ya fi muku amfani shi ne ya gyara tsofaffin ɗakuna, ko ya haƙa rijiya, ko ya tsaya muku wajen hukuma a kawo malamai.

Ma'aunin makaranta kuwa guda ne, kuma kowane uba da kowace uwa za su iya gwada shi a gida. Ku kira yaronku ɗan aji uku ko huɗu, ku ba shi takarda mai layi huɗu da Hausa, ku ce ya karanta. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa maƙwabci ya saurara masa. In yaron ya karanta, kuɗin da aka kashe a makarantarku sun yi amfani. In ya kasa, sai ku tafi taron iyaye ku tambayi dalili.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mene ne bambancin kuɗin manyan ayyuka da kuɗin yau da kullum? Kawo misali uku na kowanne.

2. Me ya sa shirin Jihar Yamma na 1955 ya ɗore, na Jihar Gabas na 1957 ya gamu da cikas?

3. A makarantar garinku yara nawa ne, malamai nawa ke zuwa aiki, ɗakuna nawa ke da rufi? Yara nawa ke gaban kowane malami?

4. In aka ba kwamitinku zaɓi tsakanin sabon ɗaki ɗaya da gyaran tsofaffi uku, wanne za ku ɗauka, kuma don me?

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amanar dukiyar jama'a, ya ba malamai haƙuri da ƙwazo, ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.